Likita ya ce 'ya'yan da ke cikin karyata ba su yi ƙashi ba tukuna: gaskiya ne ko neman kuɗi?

Mafarauci_Gaya:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga likitocinmu da masu kiwo. Karyata ta farauta, Guguwa, yau kwananta 31 da barbara. Mutum 4 sun riga sun yi kamun 'ya'yanta, biyu har sun ba da kafin alƙalami, shi ya sa jiya na kai ta wurin wani likitan dabbobi a ɗauki hoton ƙashi in san guda nawa ne a ciki. Sai ya ce hoton ba zai nuna komai ba yanzu, wai ƙashinsu bai yi ba. Ya aske mata gashin ciki, ya shafa wani abu mai yauƙi, ya ɗora na'urar sikanin, ya nuna mini wasu baƙaƙen jakunkuna, cikin kowace akwai ɗan wani abu yana ɗil-ɗil, wai zuciya ce. Ya karɓi kuɗinsa, ya ce in dawo bayan kwana 55. Abin da ya ɗaure mini kai: ciki ya kai rabi, zuciya tana bugawa, amma a ce babu ƙashi? To me ke riƙe da jikin? Ko dai so yake in biya sau biyu?

DanRimi77:
Wa alaikumus salam. Sau biyu kuwa za ka biya, Malam. Kakanninmu sun yi farauta da karnuka ba su taɓa kai karya hoto ba. Ka jira ta haihu ka ƙirga da yatsa, kyauta ne.

Dakta_Bilki:
Malam Mafarauci, likitanka bai cuce ka ba. Da ya ɗauki hoton jiya, nan ne da ya ci kuɗinka a banza.

Abin da ke fitowa fari a hoton ƙashi shi ne sinadaran kalsiyam da fosfaras da suka taru suka sandare. Inda babu su, hasken ratsawa yake yi ya wuce. Ɗan tayin kare mai kwana 30 tsawonsa wajen santimita 2 ne, kamar gaɓar ɗan yatsanka. Yana da kai, yana da tsiron ƙafafu, siffar ƙashin baya da haƙarƙari tana nan, amma kusan duka guringuntsi ne, irin na kunnenka da kan hancinka. Wato an zana gidan, ba a zuba siminti ba.

Ƙashin ƙafa misali, guringuntsi ne ke fara ɗaukar siffarsa. Daga nan jijiyoyin jini su huda tsakiyarsa, su shigo da ƙwayoyin halitta masu gini, su riƙa rushe guringuntsin suna maye gurbinsa da ƙashi, daga tsakiya zuwa bakin nan da bakin can. Ƙoƙon kai kuwa hanyarsa daban: faffaɗan ƙasusuwansa a cikin wata 'yar tantani suke tsirowa kai tsaye, ba su bi ta guringuntsi. Aikin yana farawa kafin ciki ya cika kwana 35, sai dai kalsiyam ɗin bai taru yadda hoto zai kama shi ba sai wajen kwana 45. Ana cewa a jira 55 ne saboda a lokacin kawuna da ƙashin baya sun fito sarai, a ƙirga ba tare da an haɗa na wannan da na wancan ba.

Zuciya kuma ba ta jiran ƙashi. Tana cikin gaɓoɓin farko da ke kama aiki, don sai jini ya zagaya kafin a kai kayan gini ko'ina.

Mahaucin_Kwata:
Maganar Dakta haka take. Shekarata 20 da wani abu a kwata. Ana kawo akuya ko saniya ba a san tana da ciki ba sai an farke. Ɗan tayi ƙarami in ka ɗauke shi kamar kitse ne a hannu, ƙafarsa tana lanƙwashewa ba ta karyewa, haƙarƙarinsa wuƙa ba ta ma jin ta taɓa wani abu. Wanda ya kusa haihuwa kuwa sai ka ji ƙaras. Gani ya kori ji.

Mafarauci_Gaya:
Na gode Dakta, na gode Sarkin Fawa. To amma sikanin da ya ga jakunkunan, me ya hana shi ƙirga su a nan?

Dakta_Bilki:
Sikanin yanki-yanki yake gani, kamar mai leƙen ɗaki ta ramin makulli. Mahaifar karya reshe biyu ce, dogaye, a naɗe cikin ciki. Za ka iya ƙirga ɗa ɗaya sau biyu, ko wani ya ɓuya. Amfaninsa ya tabbatar maka akwai ciki kuma masu rai ne. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, domin karya tana yin cikin ƙarya: nono ya kawo, ta yi ta haƙa rami tana shirin haihuwa, alhali babu komai.

Oga_Boerboel:
Tunda yanzu ne ƙashin yake haɗuwa, shawarata ka fara ba ta ƙwayar kalsiyam kullum har ta haihu. Ni haka nake yi wa nawa, 'ya'yan suna fitowa da ƙashi kamar na ɗan maraƙi.

Dakta_Bilki:
Don Allah Malam Mafarauci kada ka yi wannan. Oga, ka yi haƙuri, amma shawarar nan tana kashe karnuka.

Oga_Boerboel:
Haba Dakta. Ke da bakinki kika ce kalsiyam ne ke yin ƙashi. Yanzu kuma ya zama guba? Haihuwa 5 na karɓa a gidana, ko ɗaya ba ta faɗi ba.

Dakta_Bilki:
Allah ya ƙara kiyayewa. Ga yadda abin yake. A wuyan dabba akwai wasu 'yan ƙananan ƙulli da aikinsu shi ne, in kalsiyam ya yi ƙasa a jini, su ba da umarni a ciro shi daga ƙashin uwar. In ka yi ta ɗura mata ƙwaya tana da ciki, sai su yi sanyi, tunda ba a neman su. Ranar da ta haihu, 'ya'ya suka kama nono, buƙata ta ninka, sai a neme su a tarar suna barci. Jini ya rasa kalsiyam, karya ta kama haki da rawar jiki, ƙafafu su sandare, zazzaɓi ya hau, ta fara farfaɗiya. Yawanci cikin makonni 4 na farko bayan haihuwa yake zuwa, kuma ya fi kama ƙananan karnuka masu 'ya'ya da yawa. Naka manya ne, wataƙila shi ya rufa maka asiri. Abin da mai ciki take so abinci ne mai kyau da ya haɗa komai, a ƙara mata yawansa daga mako na 6, a rarraba shi kaɗan-kaɗan don cikin ya matse tumbi.

Maman_Ilham:
Wallahi ya faru da mu. 'Yar ƙaramar karyar yarana, mai gashin nan, ta haifi 5. Kwana 12 da haihuwa cikin dare muka ji tana buga ƙafa a ƙasa, idonta a kafe. Maigidan ya ce guba aka ba ta. Da aka kai ta, allurar kalsiyam aka yi mata ta jijiya a hankali a hankali, kafin mu bar wurin ta miƙe tana kaɗa jela. Kuma mu ma ƙwayar muka riƙa ba ta tana da ciki, wani mai shago ne ya ce mu yi.

Oga_Boerboel:
To na ji na mai ciki. Amma kwikwiyo fa? Wannan dai dole a ba shi.

Injiniya_Sadiq:
Bari in ba ku nawa labarin kafin Dakta ta amsa. Na sayi kwikwiyo ɗan wata 2, don ƙauna na ce ba zai ci tuwo ba, sai tsoka zalla da hanta. Wata 2 ana haka, ya yi ƙiba, gashi yana sheƙi. Rannan ya diro daga kan dakali, tsayin da bai kai gwiwata ba, ƙafa ta karye. Da aka yi hoto likita ya nuna mini ƙashin, bangonsa siriri kamar takarda. Ashe tsoka fosfaras ne ya yi mata yawa, kalsiyam ɗinta kaɗan ne ƙwarai. Jikinsa ya yi ta kwasar na ƙashi yana zubawa a jini. Karen unguwa da ke cin ƙanzo da kan kifi ya fi nawa ƙashi.

Dakta_Bilki:
Injiniya ya nuna gefe ɗaya, rashi. Ɗaya gefen kuma shi ne yawa. Kwikwiyon da bai kai wata 6 ba hanjinsa bai iya tace kalsiyam ba, abin da ka ba shi yake zuƙa. A manyan iri kamar naka, Oga, yawan yana dagula wurin da ƙashi ke tsawo, ƙafafu su gwame, gaɓoɓi su lalace. A Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan an gwada wannan a kan 'ya'yan manyan karnukan nan Great Dane. In abincin leda na kwikwiyo kake ba shi, kada ka ƙara komai a kai. Wani abu kuma: kare ba kamar mutum ba ne, shan hantsi ba ya samar masa da bitamin D da zai ishe shi, sai dai daga abinci.

Ardo_Jauro:
Ina gaisuwa. Ni ba mai kare ba ne sosai, amma akwai abin da nake so a warware mini. Akuyata wata 5 take yi, ta haihu, kafin ka gama alwala ɗan ya miƙe yana neman nono. Ɗan maraƙi haka, ɗan raƙumi haka. Kwikwiyo kuwa kamar ɓera, ido a rufe, sai jan ciki. Ƙashin ne bai nuna ba?

Ɗalibin_Samaru:
Baba Ardo, kusan haka ne. Karya wajen kwana 63 kawai take yi, akuya wajen 150, saniya wajen 283, raƙuma wata 13, giwa har wata 22. Dabbar da ake farauta a daji dole ɗanta ya fito da ƙafar gudu, don haka yawancin ginin a ciki ake gama shi. Mai farautar kuwa tana da rami, tana iya haifar da yawa ɗanyu ta ƙarasa su a waje. Kwikwiyo sai kwana 10 zuwa 14 yake buɗe ido, tafiya sai wajen mako 3. In ka ɗauki hoton ƙafar jaririn kwikwiyo za ka ga ƙasusuwan kamar ba a haɗe suke ba, akwai fili tsakaninsu. Ba fili ba ne, guringuntsi ne da hoto ba ya gani.

Abin da ya fi burge ni da muka karanta: ƙwan dabba mai shayarwa da ɗan Adam ya fara gani da idonsa, a jikin karya aka gan shi. Karl Ernst von Baer, haifaffen Estoniya, shi ya gano shi a 1827. Kafin nan ana ta gardama ne kawai a kan daga ina ɗan tayi yake farawa. Saboda haka Malam Mafarauci, Guguwa tana da tarihi a wannan ilimi.

DanRimi77:
Ka ji ɗan boko. An tambayi kuɗin hoto, ya kai mu Estoniya.

Malam_Habu_Zage:
Tsarki ya tabbata ga Mahalicci. Duk wanda ya karanta aya ta 14 a Suratul Mu'minun ya san an ambaci matakan nan, daga gudan jini zuwa tsoka zuwa ƙasusuwa da tufatar da su da nama. Ina karanta bayanin Dakta ina tasbihi. Wani kuma ya turo mini saƙo a gefe wai me ya kai ni zauren zancen kare. Kare na farauta da na gadin dabbobi da gona an yi izini da su, kuma tausaya wa dabba ibada ce.

Ardo_Jauro:
Madalla da Malam. Ɗalibi, ga wata kuma. Bara wata tunkiyata ta haifi ɗa da ƙafafun gaba a murɗe, muƙamuƙin ƙasa gajere. Mutane suka ce iska ce. Ni kuma na tuna na ba garken maganin tsutsa, farin nan na ruwa, ba da jimawa ba bayan rago ya hau su.

Dakta_Bilki:
Baba Ardo, in albendazol ne, a jikin kwalbar ma akan rubuta kada a ba tunkiya a kwana 30 na farkon ciki, saniya kuma kwana 45. Lokacin ne ake zana gaɓoɓi, abin da ya karkace a nan ya karkace ke nan. Ba shi kaɗai ke jawo haka ba, akwai gado, akwai cututtukan da sauro da ƙananan ƙwari ke kawowa, akwai tsirrai. A jihar Idaho ta Amurka, a shekarun 1950, tumaki sun yi ta haifar 'ya'ya masu ido ɗaya a tsakiyar goshi. Da aka bi diddigi, wani tsiro ne suke ci a kan duwatsu, kuma sai wadda ta ci shi wajen kwana na 14 da ɗaukar ciki abin yake samu. Kwana ɗaya tak a cikin wata 5.

Ku masu karnuka ma ku kiyaye: tetrasaikilin, jan kafso ɗin nan da ake ba dabba ko me ya same ta, yana maƙalewa a ƙashi da haƙoran ɗan tayi.

Nas_Hauwa:
Ni ta ɓangaren mutane nake. Bayanin ƙoƙon kai da Dakta ta yi shi ne maganar maɗiga. Ƙasusuwan kan jariri ba su gama haɗuwa ba, shi ya sa kan yake iya matsewa ya fito, ƙwaƙwalwa kuma ta samu wurin girma. Ta gaba takan rufe wajen shekara ɗaya da rabi. Iyaye mata, in kun ga maɗiga ta faɗa ciki ga yaro yana gudawa, ruwan jikinsa ne ya ƙare. Ba a shafa mata komai, ruwan gishiri da sukari za a ba shi a nufi asibiti.

Maman_Ilham:
Anti Nas, karyar tamu ma da wuri mai laushi a tsakar ka ta girma. Ashe maɗiga ce.

Kano_Pillars_Har_Abada:
Ina ta karatu shiru, amma maganar wurin da ƙashi ke tsawo ta tuna mini ƙwallo. Ba shi ne ake dubawa a wuyan hannun 'yan ƙasa da shekara 17 don a gane ainihin shekarunsu ba?

Ɗalibin_Samaru:
Shi ne. Kusa da kowane bakin dogon ƙashi akwai faifan guringuntsi da ake bari, daga nan tsawo ke fitowa. Ranar da ya zama ƙashi, tsawo ya tsaya. FIFA ta fara duba shi da na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Najeriya a 2009, wadda har Kano da Kaduna da Bauchi aka buga wasanni. A kare, ƙananan iri nasu yana rufewa kafin shekara, manya kuwa har shekara ɗaya da rabi ko fiye. Jariri ma ƙasusuwansa sun fi na babba yawa, haɗewa suke yi har su koma 206.

Kano_Pillars_Har_Abada:
Kada ka tuna mini 2009. Suwizalan ta zo har Abuja ta ɗauke kofi da ci ɗaya.

Mafarauci_Gaya:
To wannan ya shafe ni kai tsaye. Mu a wurinmu kwikwiyo yana wata 5 ake fara fita da shi daji, wai karen bana shi ke maganin zomon bana. Akwai wanda na yi, tun fitar farko ya dawo yana ɗingishi, ƙafar ta warke amma ta karkace waje. Maɗori ya ɗaura, bai miƙe ba.

Dakta_Bilki:
Alama ce ta faifan ya ji rauni ya rufe da wuri. A ƙafar gaba ƙasusuwa biyu ne a jere. In ɗaya ya daina tsawo ɗayan yana ci gaba, dole ƙafa ta lanƙwashe kamar baka, kuma ɗori ba ya gyara wannan. Ka bar su su yi wasansu a gida, doguwar kora a bari sai sun haura shekara.

Mahaucin_Kwata:
Faifan nan na san shi. In ka dafa ƙafar ɗan rago, kan ƙashin yana cirewa kamar hula. Na tsohon rago ba ya yi. Ɗalibi, tunda kai ne mai littafi: a zuciyar tsohon sa ina samun ɗan ƙashi. Yara ba su yarda sai na nuna musu.

Ɗalibin_Samaru:
Gaskiya ne Baba, shanu suna da shi. Raƙumi ma yana da ɗan ƙashi a tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Kare namiji kuma yana da shi a gabansa.

Issoufou_Dosso:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan kusa da Kure muke da raƙuman dawa. Wani mai yi wa baƙi jagora ya ce mini ƙashin wuyansu 7 ne, daidai da na mutum. Na ɗauka zuƙi ta malle ce.

Ɗalibin_Samaru:
Bai yi ƙarya ba. Mutum, kare, ɓera, raƙumin dawa, duk 7, tsawon kowane ne ya bambanta. Cikin 'yan kaɗan da suka saɓa akwai ayu, wanda ke cikin kogin Kwara da Binuwai, shi 6 gare shi.

Hajiya_Turai:
Ku dawo da mu kan ciki. Ni tambayata, akuyata an tabbatar tana da ciki, daga baya ya ɓace, ba jini ba ɓari. Tsofaffi suka ce kwanciya ya yi, zai tashi. Shekara guda ke nan.

Dakta_Bilki:
Hajiya, in ɗan tayi ya mutu da wuri, tun bai yi ƙashi ba, jikin uwa yana iya shanye shi, ba ki ga komai ba. In ƙashi ya riga ya yi, ba ya shanyuwa: ko ta yi ɓari, ko ya bushe a ciki. A duba ta, in mahaifar lafiya a sake kai ta wurin bunsuru. Wannan ma wani dalili ne, Malam Mafarauci, da ya sa ba a rantsuwa da ƙirgen kwana 30. A karnuka ana iya ganin 8 a sikanin, a haifi 6.

Mafarauci_Gaya:
Jama'a na dawo da labari. Na koma ranar kwana 57. Wannan karon na gani da idona: kawuna kamar ƙwai, kowane da jerin ƙashin baya kamar carbi. Likita ya ƙirga 6. Ƙwayar Oga ban ba ta ba.

Oga_Boerboel:
Ba komai, Allah ya sauke ta lafiya. Ni dai nawa har yanzu ban ga abin da ya same su ba.

DanRimi77:
Biya biyu dai an yi.

Mafarauci_Gaya:
Alhamdu lillahi, Guguwa ta sauka daren jiya, kwana 65. Sai dai 7 ne, ba 6 ba. DanRimi kada ka ce komai. Shida jajaye kamar ubansu, na bakwai baƙi wuluk. Dakta, yaya aka yi kwanakin suka wuce 63, kuma daga ina baƙi ya fito?

Dakta_Bilki:
Barka da arziki. A hoto wani yakan kwanta a bayan wani, kuskuren ɗaya ba abin mamaki ba ne. Kwana 63 kuma daga ranar da ƙwai ya fito ake ƙirga shi, ba daga ranar barbara ba. Ƙwan karya ɗanye yake fitowa, sai ya yi kwana 2 zuwa 3 kafin ya nuna, maniyyin kare kuma yana iya yin kusan mako a jikinta da ransa. Don haka daga barbara ana samun 58 har 68. Wannan tazarar ce kuma ke sa haihuwa ɗaya ta iya zama da uba fiye da ɗaya. Ka sa ido a kanta makonnin nan, in ka ga haki da rawar jiki kada ka jira gari ya waye.

DanRimi77:
Ban ce komai ba. Tambaya ɗaya ce: a unguwarku wa ke da baƙin kare?

Mafarauci_Gaya:
Mai gadin makarantar bayanmu. Kuma katangar ta faɗi tun damina.